Laftof Mai Matsakaicin Girma: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙira, Ƙarfin Aiki da Kayan Cikinta

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin ɗalibai, ma'aikatan ofis, masu shagon buga takardu da 'yan kasuwa, ko dai lokacin da suka tashi sayen laftof, ko kuma bayan wadda ke hannunsu ta fara ba su matsala. Mun fara da na saukake, sannan muka gangara zuwa masu buƙatar a buɗe cikin na'urar.

Wace laftof ake kira mai matsakaicin girma?

Da sikirin ake auna girman laftof, kuma awon daga kusurwa ne zuwa kusurwar da ke kallonta, ba daga gefe zuwa gefe ba. Mai inci 14, wato kimanin santimita 35.6, ita ce tsakiyar wannan rukuni. Masu inci 13.3 zuwa ƙasa ƙanana ne, masu inci 16 da 17.3 manya ne, mai inci 15.6 kuwa tana bakin iyaka. Laftof mai inci 14 takan yi nauyin kilo 1.3 zuwa 1.7, faɗinta kuma ya ɗan ɗara tsawon takardar A4, don haka tana shiga jakar da ke ɗaukar fayil ɗin ofis.

Me ya sa ake yawan cewa a ɗauki mai inci 14 maimakon ƙarama ko babba?

Saboda girman jiki shi ke yanke abin da za a iya cusawa a ciki. A ƙaramar laftof wuri ya yi kaɗan, shi ya sa masu ƙera ta kan liƙe RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita, a jikin bod, babban allon da sassan na'urar ke kai, su rage kafofin jona kaya, su sa fanka siririya. A inci 14 akwai sararin da zai ɗauki kibod cikakke, batir mai wat-awa 45 zuwa 57, kafar HDMI, har ma da ramin ƙarin RAM a yawancin samfuran ofis, kuma duk da haka ba ta gajiyar da kafaɗa.

Abin da za ka rasa shi ne madannan lambobi na gefen dama, waɗanda sai daga inci 15.6 ake samunsu. Akanta ko mai shigar da sakamakon jarrabawa da ke wuni a kan Excel zai ji rashinsu. Irin wannan mutum ko dai ya ɗauki 15.6, ko ya sayi ɗan faifan lambobi na USB ya ajiye a tebur.

Jikin ƙarfe ya fi na roba ƙarko?

Ba koyaushe ba. Alminiyom yana da kyan gani, ba ya lanƙwasa da sauƙi, amma idan ya faɗi loɓawa yake yi, kuma yana ɗaukar zafi har ka ji a tafin hannu. Magnesiyom da zaren kabon, irin waɗanda ake sa wa manyan samfuran ThinkPad da Latitude, sun fi sauƙin nauyi. Roba kuwa iri-iri ce: akwai mai kauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi, akwai ta araha wadda ke motsi da zarar ka danna tsakiyar kibod.

Inda laftof ke fara mutuwa a jiki shi ne hinji, wato mahaɗin da murfi ke buɗewa da rufewa a kansa. A masu araha, sukurorin hinji suna ɗaure ne a cikin 'yan ƙananan zobban tagulla da aka dasa a roba. Idan hinjin ya yi tauri saboda ƙura da tsufa, duk buɗewa sai ya ja zobban nan, har wata rana robar ta tsage, kusurwar murfin ta buɗe baki, wayar sikirin da ke bi ta wurin ta tsinke. Alamar farko ita ce ƙarar ƙas-ƙas a kusurwa ɗaya. Da ka ji ta, kai wa mai gyara ya ɗan sassauta notin hinjin tun kafin robar ta karye. Ka riƙa buɗe murfin daga tsakiya, kuma kada ka ɗaga laftof ta sikirin.

An ce min Core i7 ce. Ba shi ke nan ta fi Core i5 ba?

A nan ne aka fi yi wa masu saye rufa-ido. Sunan i3, i5 ko i7 na firosesar Intel, wato ƙwaƙwalwar na'urar, matsayi ne kawai a cikin zubi guda, wato jerin da aka fitar a lokaci ɗaya, zubin kuma shi ne babban magana. Ɗauki misali: i7-7500U, zubi na 7, ƙwayoyin aiki biyu gare ta. Ita kuwa i5-8250U, zubi na 8 da ya fito a 2017, huɗu gare ta. A duk aikin da ke iya rarrabuwa tsakanin ƙwayoyi, kamar tace bidiyo ko buɗe manhajoji da yawa a lokaci guda, wannan i5 ɗin tana barin waccan i7 a baya da tazara mai yawa. Sitika mai sheƙi da ke kusa da kibod ba za ta gaya maka wannan ba, kuma sitika aba ce da kowa zai iya mannawa.

Ga yadda ake karanta lambar. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance, ka danna CPU, cikakken sunan zai bayyana a sama. Daga zubi na 2 zuwa na 9, lambar farko bayan layin ita ce zubin: 6300U zubi na 6, 8350U zubi na 8. Daga zubi na 10, lambobi biyun farko ake karantawa: 10210U zubi na 10, 1135G7 zubi na 11, 1235U zubi na 12. Tun ƙarshen 2023 Intel ta fito da sabon suna, Core Ultra, kuma duk mai wannan suna ta fi waɗancan sabunta.

A ganinmu, zubi na 8 shi ne ƙasan abin da ya kamata a sa kuɗi a kai yau. Dalili na biyu yana cikin amsar tambayar Windows 11.

Mene ne ma'anar harafin U, P ko H a ƙarshen lambar?

Harafin yana nuna yawan wutar da firosesar ke ci, wanda kuma shi ne yawan zafin da take fitarwa. U kimanin wat 15 ce, an yi ta don batir ya daɗe. P, wadda ta zo da zubi na 12, wat 28 ce. H wat 45 ce, ta masu aiki mai nauyi. Yawancin laftof masu inci 14 U ce a cikinsu, kuma hakan ya dace da jikinsu. Idan aka cusa H a siririn jiki mai fanka ɗaya, za ta tashi da gudu na minti ɗaya ko biyu, sannan zafi ya tilasta mata ta sauko, ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka mora ba. Duba amsar tambayar zafi don ganin yadda hakan ke faruwa.

AMD Ryzen fa, da Apple, da Snapdragon?

Tsohon zancen cewa AMD zafi gare ta ya samo asali ne daga firosesocin kamfanin na da. Daga Ryzen 4000 zuwa sama lamarin ya canza: Ryzen 5 5500U ƙwayoyi shida gare ta, kuma sashen sarrafa hotonta yana da ƙarfi. Sai dai a kula da jerin 7000, domin lamba ta uku ce ke nuna ainihin ƙirar: 7520U tsohuwar ƙirar Zen 2 ce, 7530U Zen 3 ce, 7540U kuma Zen 4.

Firosesar Apple ta M1 da ta fito a 2020, da waɗanda suka biyo bayanta, ba su cin wuta sosai, batirinsu yana kai wuni. Amma RAM da ma'adanarsu a liƙe suke, ba a ƙarawa, gyaransu da tsada, kuma ba kowace manhajar Windows ke da takwara a macOS ba. Laftof masu Snapdragon X, da suka shigo a 2024, su ma batirinsu na daɗewa, amma tsofaffin firinta da sikana da wasu manhajojin ofis kan ƙi aiki a kansu. Mai shagon buga takardu ya tabbatar firintarsa na da direban da ya dace kafin ya biya.

RAM nawa ya isa, kuma za a iya ƙarawa daga baya?

Gigabait 4 ya yi kaɗan, Windows kaɗai ta kusa cinye shi. Gigabait 8 yana ɗaukar Word, Excel da shafukan burauza kamar goma. Gigabait 16 shi ne inda mutum ke samun sakewa, musamman mai haɗa taron bidiyo da wasu ayyuka, ko mai zane da rubuta manhaja.

Batun ƙari ya danganta da samfuri, ba da sunan kamfani ba. ThinkPad T480, Latitude 5490 da EliteBook 840 G5 duk ramuka biyu gare su. ThinkPad T490 wani sashe a liƙe yake, rami ɗaya ne a buɗe. Duk inda ka ga an rubuta LPDDR, to kusan koyaushe a liƙe yake, abin da ka saya shi za ka rayu da shi. A Task Manager, ƙarƙashin Memory, akwai layin da ke nuna ramuka nawa ake amfani da su. DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, tsagin da ke ƙasansu ba wuri ɗaya yake ba, don haka kada a tura da ƙarfi. Sannan sanda biyu masu gigabait 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri, domin firosesa na ɗiba ta hanyoyi biyu a lokaci guda, kuma sashen hoto na Iris Xe da Radeon ya fi kowa cin moriyar hakan.

Wace irin ma'adana ya kamata ta kasance a ciki?

SSD, wato ma'adana marar faifai mai juyawa, ba tare da wani ja-in-ja ba. Tsohon hadis mai faifai da ke juyawa yana karanta kimanin megabait 100 a daƙiƙa, kuma faɗuwa ɗaya tana iya kashe shi da duk abin da ke ciki. SSD na SATA yana kai 550, na NVMe a kan PCIe 3.0 kuma har 3,500. A aikin yau da kullum, babban tsallen yana tsakanin hadis da SSD ne. Laftof da ke ɗaukar minti biyu kafin ta tashi takan koma daƙiƙa ashirin da wannan canji kaɗai. A guji eMMC mai gigabait 32 ko 64, a liƙe take kuma sabunta Windows kaɗai na cika ta.

Gigabait 256 shi ne mafi ƙaranci, 512 ya fi kwanciyar hankali. Wajen canji, yawancin samfuran inci 14 suna ɗaukar M.2 2280, wato faɗin milimita 22 da tsawon 80, amma wasu gajere suke ɗauka, 2242 ko 2230, kuma wasu tsofaffin ramukan SATA kaɗai suka sani. A buɗe a duba kafin a saya.

Ta yaya zan gane sikirin mai kyau?

Abu uku ake dubawa: yawan ɗigo, irin gilashin, da ƙarfin haske. A inci 14, 1920 da 1080 shi ne daidai. Mai 1366 da 768 yana matse shafi, rubutu kuma ya yi kaushi. Sababbin samfura masu 1920 da 1200 sun ƙara layin ɗigo 120 a tsaye, kuma mai karatu ko rubutu zai ga amfaninsu. 4K a wannan girman batir kawai yake sha.

Don bambance gilashin IPS da na TN, buɗe hoton fuskar mutum, ka tura murfin baya sannu a hankali. Idan fuskar ta dushe ko launinta ya juye kamar tsohon fim ɗin hoto, TN ne. Idan ta tsaya yadda take, IPS ne. Haske da nit ake auna shi: 220 zuwa 250 na cikin ɗaki ne, 300 ya fi, mai aiki a rumfa ko bakin shago inda rana ke shigowa kuwa ya nemi 400, kuma marar sheƙi. Mai zane ko gyaran hoto ya nemi wanda aka rubuta 100% sRGB, domin masu 45% NTSC suna nuna ja kamar ya koɗe, abin da aka buga a takarda sai ya saɓa wa abin da aka gani. OLED ya fi kowanne kyan launi, amma farin shafi yana sa shi shan batir, kuma abin da ya daɗe a wuri ɗaya yana iya barin inuwarsa.

Me ya sa take fara aiki da sauri, bayan ɗan lokaci sai ta rage gudu, fanka na ta ihu?

Zafi ne. A kan firosesa akwai farantin tagulla, daga shi bututun tagulla ya ɗauki zafin zuwa wasu siraran ƙarafa masu kama da matsefi a bakin tagar iska, fanka kuma ta hura ta cikinsu. Idan firosesar ta doshi digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Digiri 40 zuwa 55 a lokacin hutu, da 80 zuwa 90 a aiki mai nauyi, ba abin damuwa ba ne. Manhajar HWiNFO ko Core Temp za ta nuna maka. Idan kuwa burauza kawai ka buɗe amma kana ganin 90, akwai abin da ya toshe.

Yawancin kamfanoni suna ƙera laftof ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, tsakar ranar Afrilu tana haura 40, wato iskar da fanka ke jawowa don sanyayawa ita kanta da zafinta ta zo. Ga kuma ƙurar hunturu. Duk wanda ya buɗe laftof da ta yi hunturu biyu ba a share ta ba zai tarar da wani abu kamar tsumman bargo mai launin toka manne tsakanin fanka da matsefin, ana ɗaga shi da hantsaki ya taso gaba ɗaya. Fankar tana juyawa, tana ƙara, amma iska ba ta fita. Sa hannu a bakin tagar: idan ƙarar ta yi yawa iskar kuma ba ƙarfi, wannan ne.

Katifa, filo da dadduma mai laushi suna toshe ramukan ƙasa. A ɗora ta a kan tebur ko faranti, a ɗan ɗaga bayanta da santimita biyu. Wannan kaɗai yana sauke digiri da dama.

Zan iya share ƙurar da kaina?

Za ka iya, in kana da haƙuri da ƙaramin sukundireba mai kan kuros, ko Torx T5 a wasu samfuran. Kashe ta gaba ɗaya, zare caja, kwance sukurorin ƙasa ka jera su yadda suka fito, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo a gurbin gajere yana iya huda bod ko ya ɓullo ta sama. Bi gefen murfin da tsohon katin roba, ban da wuƙa. Da ka buɗe, abu na farko shi ne zare wayar batir daga bod. Riƙe fiffiken fanka da yatsa kafin ka hura iska, don barin ta ta yi ta juyawa fiye da kima yana lalata ta. Goge matsefin da busasshen buroshi mai laushi.

Man da ke tsakanin firosesa da farantin tagulla yana bushewa bayan shekara biyu zuwa uku. In za a canza, a kwance sukurorin farantin, a goge tsohon da barasar goge-goge ta isofurofil, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, sannan a ɗaure bisa jerin lambobin da aka buga a jikin farantin, kaɗan-kaɗan, don ya zauna daidai. Muddin aka ɗaga farantin, dole a sa sabon mai. Sharar ƙura sau ɗaya a shekara, bayan hunturu kafin zafin bazara ya kankama, ta wadatar. Mai garanti ya duba sharuɗɗansa kafin ya buɗe.

Awa nawa batir zai yi da gaske?

Lissafin mai sauƙi ne: raba wat-awar batir da wat ɗin da laftof ke ci. Mai firosesar U tana cin kimanin wat 7 zuwa 10 a rubutu da karatu, don haka sabon batir mai wat-awa 50 zai yi awa biyar zuwa bakwai. Taron bidiyo da cikakken haske na kai wat 15 zuwa 20, lokacin ya dawo awa uku ko ƙasa. Alƙaluman da ake bugawa a kwali da rage haske da aiki marar nauyi ake samunsu.

Don sanin lafiyar batir, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai ajiye rahoto, ya nuna maka inda yake. Kwatanta Design Capacity da Full Charge Capacity. Idan na farko 50,000 ne na biyu 31,000, saura kashi 62 cikin ɗari. Sama da 80 yana da kyau, ƙasa da 60 a sa kuɗin sabon batir a cikin ciniki.

Barin caja a jone koyaushe yana kashe batir?

Batir ba ya wuce cika, da ya kai ɗari cajin ke tsayawa. Abin da ke tsufar da shi shi ne zama a cike cikin zafi, da kuma barinsa ya ƙare ƙaf a kai a kai. Lenovo Vantage, MyASUS da manhajar batir ta Dell suna ba da damar tsayar da caji a kashi 80, HP kuma ta sa nata a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, na samfuran ofis. Wanda ke da tsayayyar wuta ko sola ya kunna wannan. Wanda wuta ke zo masa awa uku a rana kuwa ya cika batirinsa, don amfaninsa aka saye shi.

Idan wurin shafa yatsa ya fara tasowa, ko dannawa ta yi tauri, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ya kumbura. A daina caji nan take, a cire shi, kada a danna shi ko a huda, domin yana iya kamawa da wuta.

Wace caja zan saya, kuma janareto ko inbata na da illa?

Karanta rubutun da ke jikin tsohuwar. Bolt dole ya zo ɗaya, amfiya kuma ya yi daidai ko ya fi. Cajar HP mai wat 65 bolt 19.5 ce da amfiya 3.33, ta Lenovo bolt 20 da amfiya 3.25. Cajar Dell tana da siririyar allura a tsakiyar bakinta wadda ke gabatar da ita ga laftof. Idan allurar ta karye ko cajar jabu ce, laftof za ta kunnu amma ta ƙi caji, ta kuma rage gudun firosesa. Mutane da yawa sun canza batir a banza saboda wannan. Jabun caja ba ta da nauyi a hannu, tana zafi sosai, kuma sau da yawa tana sa kibiyar linzami ta riƙa tsalle da zarar an jona ta.

Caja ta asali tana karɓar bolt 100 zuwa 240, don haka ƙarancin wuta bai cika damunta ba. Haɗarin yana lokacin tada janareto, kashe shi, da dawowar wuta. Zare caja a waɗannan lokutan. Inbata mai tsabtatacciyar wuta ba ta da matsala, ta araha kuwa tana sa caja ƙugi da zafi. Ɗan jan wuta da ake ji a jikin ƙarfe alama ce ta soket marar wayar ƙasa.

Mai caji ta USB-C tana iya shan wuta daga fawa-bank, in yana fitar da PD, wato tsarin caji mai ƙarfi ta USB-C, na wat 45 ko 65. Mai 20,000mAh kimanin wat-awa 74 ne, bayan asara zai cika laftof sau ɗaya. Sama da wat 60 sai da waya mai ɗaukar amfiya 5.

Duk kafar USB-C iri ɗaya ce?

A'a, baki ne kawai ɗaya. Wata fayil kaɗai take ɗauka, wata tana caji, wata tana fitar da hoto zuwa sikirin na biyu. Mai alamar walƙiya a gefenta galibi Thunderbolt ce, tana yin duka ukun da gudun gigabit 40 a daƙiƙa. Laftof ta aiki ya kamata ta zo da USB-A biyu don filash da firinta, HDMI don majigi, da USB-C mai caji. Ramin SIM kuma kada ya ruɗe ka: samfuran ofis da yawa suna da ramin amma babu modem da eriya a ciki. Idan babu Cellular a saitin intanet na Windows, layi ba zai yi aiki ba.

Za ta iya tace bidiyo da wasanni?

Bidiyon 1080 mai sauƙin yanka da haɗi, Photoshop, CorelDRAW da AutoCAD na zanen shimfiɗe duk suna tafiya a kan zubi na 11 ko Ryzen 5000 da RAM 16. Bidiyon 4K, zanen gini mai fuska uku da sababbin wasanni suna buƙatar katin hoto na daban, irin RTX 3050 ko 4050 zuwa sama, da fanka biyu. Jerin MX na NVIDIA bai kai waɗannan ba. A laftof ba a canza katin hoto, a liƙe yake.

Yaya zan rubuta ƙ, ɗ da ɓ, kuma me ya sa wasu madannai ke fitar da abin da ba shi aka zana ba?

Windows tana da tsarin kibod na Hausa. Shiga Settings, sashen Time & language, ka ƙara Hausa, sannan ka riƙa sauyawa da madannin Windows da Space. A cikin Word akwai wata hanya: rubuta 0199 ka danna Alt da X, zai koma ƙ, 0257 ya ba da ɗ, 0253 ya ba da ɓ. In harafin da ke gaban lambar a, b, c, d, e ko f ne, sai ka zaɓi lambar kaɗai tukuna, in ba haka ba Word zai haɗa su ya karanta.

Rikicin madannai kuwa daga ƙasar da laftof ta fito ne. Kibod ɗin Ingila da na Amurka sun saɓa a wurin alamar @, na Faransa da ya yawaita a Nijar da AZERTY ya fara. Saita tsarin Windows ya dace da abin da aka zana a madannan.

Windows 11 za ta hau kowace laftof?

A hukumance tana buƙatar sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da firosesar Intel daga zubi na 8, ko a laftof masu AMD, Ryzen 3000 zuwa sama. Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ana iya tursasa Windows 11 a kan tsohuwar na'ura, kuma masu sayarwa suna yi, don haka ganinta a sikirin ba hujja ba ce. Koma ga lambar firosesa kamar yadda aka nuna a amsar Core i7.

Zan sayi ta hannu. Me zan duba kafin in biya?

Ko a Beirut Road ta Kano ne, ko Banex a Abuja, ko Computer Village ta Ikeja, ka nemi a ba ka minti talatin da soket. Fara da BIOS: da ka kunna ta, danna F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad. Idan ya nemi kalmar sirri ko ya hana canza saiti, ajiye ta, domin a sababbin samfura cire wannan kulle sai an taɓa bod. Gwada gwajin da kamfani ya dasa a ciki: F12 a Dell, F2 a HP. Sannan firosesa, RAM da ma'adana a Task Manager, rahoton batir, da CrystalDiskInfo don ganin lafiyar SSD da awannin da ya yi yana aiki.

Cika sikirin da fari, sannan da baƙi, ka nemi matattun ɗigo da tabon haske. Buɗe Notepad ka danna kowane madanni. Zura filash a kowace kafa ka ɗan girgiza shi. Gwada kyamara, makirufo, lasifika da Wi-Fi. Kunna bidiyo na minti goma ka saurari fanka, sannan ka zare caja tana cikin aiki: idan ta mutu nan take ko kason batir ya faɗo daga 70 zuwa 30, ka san matsayinsa. Sukurori masu cinyayyen kai suna nuna an sha buɗe ta.

Akwai kullen da ba ya nuna kansa sai an sake zuba Windows an jona intanet, sai sunan wani kamfanin waje ya fito yana neman imel ɗin ma'aikacinsa. Na'urar tana cikin rajistar kamfanin ne, goge ta kuma ba ya cirewa. Mafita ita ce a sake zuba Windows a gabanka da intanet a jone. A MacBook, a tabbatar an fita daga iCloud na mai ita na farko. A karɓi rasit mai lambar na'urar da adadin kwanakin gwaji a rubuce.

Ruwa ko shayi ya zube a kan kibod. Me zan yi?

Zare caja, danne madannin kunnawa har ta mutu, kada ka tsaya adana aiki. Kifa ta a buɗe a kan tawul don ruwan ya gangaro waje, sannan a buɗe ƙasa a zare wayar batir da wuri, domin ko a kashe take akwai wuta a wasu sassan bod, wuta da ruwa kuma su ke cinye siraran layukan tagulla. Binne ta a shinkafa ba ya kai wa ga ruwan da ke ƙarƙashin ƙananan sassa, na'urar busar da gashi kuma tana narkar da madannai.

Ruwa zalla, a bar ta a buɗe a gaban fanka awa 48 kafin a gwada. Shayi, lemo, kunu ko fura kuwa bushewa ba ta isa ba, sukarin da ya rage yana jan danshi yana ci gaba da ɓarna, har laftof da ta tashi lafiya yau ta mutu bayan mako biyu. Irin wannan sai mai gyara ya ciro bod ya wanke shi da isofurofil, kuma a yawancin lokuta kibod ɗin sai an sa sabo.